Yadda ake ɗauko rahoton majalisar dokoki, masu kamun ƙafa da kuɗin kamfe

Akwai jaridun da majalisa da siyasarta ne babban aikinsu. A Amurka an kafa Roll Call a 1955, The Hill a 1994, Politico kuma a 2007, kuma tun kafin su akwai Congressional Quarterly da ta fara a 1945. A Kanada akwai The Hill Times tun 1989. Masu karanta irin waɗannan jaridu su ne 'yan majalisar da kansu, da hadimansu, da masu kamun ƙafa, da lauyoyi, wato mutanen da suka san kan zancen. Idan ka yi kuskure ko a lambar ƙudiri ne, kafin hantsi an gano ka. Na jima ina wannan aiki, kuma abin da zan shimfiɗa maka a nan shi ne tsarin da nake bi tun daga ranar da aka tura ni majalisa har zuwa lokacin da rahoto zai fita. Tushensa guda ne: jawabin da ake yi a zaure shi ne mafi ƙarancin labari, ainihin labarin yana cikin takarda, da ɗakin kwamiti, da asusun kamfe.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne kundin tsarin mulkin ƙasar da littafin dokokin zaman majalisar. Ka mallaki naka, ka ja layi a sassan da suka yi magana kan yadda ake yin doka, adadin da ake buƙata kafin zama ya halatta, da ikon kwamitoci.

Na biyu, katin shaidar ɗan jarida na majalisa. A Majalisar Dokokin Amurka wani kwamiti na 'yan jarida ne ke tantance wakilan jaridun kullum, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗansu shi ne kada mai neman katin ya kasance yana kamun ƙafa wa kowa. Idan katin bai fito ba tukuna, kada ka zauna jira. Yawancin majalisu na watsa zamansu kai tsaye, kamar yadda tashar C-SPAN ke yi a Amurka tun 1979, kuma galibin zaman jin ra'ayin jama'a a buɗe yake ga kowa.

Sai littafin rubutu da biro biyu, da waya mai naɗar murya, da batirin ajiya. Wasu zauruka na hana naɗar murya ko ɗaukar hoto daga wurin zaman 'yan jarida, saboda haka ka koyi rubutu da sauri. Sai jerin sunayen 'yan majalisa da hotunansu da mazaɓunsu da kwamitocinsu. A ƙarshe, teburin lissafi a kwamfuta, Excel ko makamancinsa, inda za ka riƙa shigar da kowane ƙudiri da kake bi. Wanda ba shi da kwamfuta ya sami babban littafi, ya ware wa kowane ƙudiri shafi biyu. Da haka na fara, kuma ya yi mini aiki.

Mataki na 1: Haddace hanyar da ƙudiri ke bi

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka iya zana hanyar ƙudiri da ka. A majalisun da suka gaji tsarin Birtaniya akwai karatu na farko, wanda ambaton sunan ƙudiri ne kawai, sai karatu na biyu inda ake muhawara kan manufarsa, sai kwamiti, sai a dawo da rahoto zaure, sai karatu na uku. A Amurka ana miƙa ƙudiri ga kwamiti da zarar an gabatar da shi. Inda majalisa ke da zaure biyu, dole duka biyun su amince da rubutu iri ɗaya, kalma da kalma, kafin a kai wa shugaban ƙasa.

Lambobin ma ka riƙe su. Majalisar Wakilan Amurka na da kujeru 435, ta Dattawa 100, kuma a Majalisar Dattawa yawancin ƙudirori na buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara, don haka samun 51 ba ya nufin an gama. Shugaban Amurka na da kwana 10, ban da Lahadi, ya rattaba hannu ko ya mayar. A Najeriya, mai sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, sashe na 58 na kundin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30. A ƙasashen biyu, kashi biyu bisa uku na kowane zaure na iya tabbatar da doka ko shugaban ya ƙi.

Kuskuren da sababbi suka fi yi a nan shi ne rubuta "majalisa ta kafa doka" alhali ƙudiri ya tsallake karatu na biyu ne kawai, ko kuma zaure ɗaya ne ya amince. Na biyu shi ne haɗa ƙudirin doka da matsayar da majalisa ta cimma kan wani ƙorafi. Idan majalisa ta "buƙaci" gwamnati ta yi wani abu, sau da yawa kira ne da bai zama tilas a kan kowa ba. Ka faɗa wa mai karatu haka ƙarara.

Mataki na 2: Fara kowace rana da jadawali

Da sassafe ka nemi takardar jerin ayyukan ranar da jadawalin kwamitoci. Ka karanta daga ƙasa zuwa sama, domin abin da ba a so ya ja hankali sau da yawa can ƙarshe ake sa shi, lokacin da kujeru sun fara zama wayam. Ka zaɓi abu biyu ko uku da za ka bi. Wanda ya ce zai halarci komai ba zai fahimci komai ba.

Mataki na 3: Zaɓi ƙudirin da ke da rai

A kowane zango na shekara biyu ana gabatar da ƙudirori fiye da 10,000 a Majalisar Dokokin Amurka, amma 'yan ɗaruruwa ne ke zama doka. Saura suna mutuwa a kwamiti, kuma idan zangon ya ƙare sai an sake gabatar da su daga farko. Da yawa daga cikinsu an kawo su ne don a nuna wa mazaɓa cewa ana aiki.

To yaya za ka gane mai rai? Ka duba wanda ya kawo shi: shugaban kwamitin da abin ya shafa ne, ko ɗan jam'iyyar marasa rinjaye da ba ya cikin kwamitin? Akwai masu mara masa baya daga jam'iyyu biyu? Akwai takwaransa a ɗaya zauren? An sa masa ranar zama? Shugabannin majalisa sun ambace shi? Idan amsoshin duk a'a ne, layi biyu sun ishe shi. Sai dai ka riƙe wannan: ƙudirin da ya yi kamar ya mutu yana iya farfaɗowa a matsayin sashe guda cikin wani babban ƙudiri da dole a zartar, kamar na kasafin kuɗi ko na tsaro. Shi ya sa ba na goge komai daga teburina.

Mataki na 4: Karanta ƙudirin da kanka

A nan zan daɗe, domin a nan ne ake bambanta ɗan jaridar majalisa da mai kwafar sanarwa. Ofishin ɗan majalisa zai ba ka taƙaitaccen bayani mai daɗin karatu. Ka karɓa, ka ajiye gefe, ka nemo ainihin rubutun. Na Amurka duk suna shafin Congress.gov da lambobinsu, waɗanda suka fara da H.R. na wakilai ne, masu S. na dattawa. Inda ba a sa ƙudirori a intanet, ka je ofishin akawun kwamiti ko na wanda ya kawo ƙudirin ka roƙi kwafi, ka ɗauki hoton kowane shafi, har da na farko mai ɗauke da kwanan wata.

Ga yadda nake karantawa. Ina fara da sashen ma'anar kalmomi, domin a nan ake yanke wa doka fiffike. Dokar da ta ce za ta ɗaure "manyan kamfanoni" tana iya fassara kalmar ta yadda kusan kowa zai tsira. Daga nan sai in nemi wuraren da aka ce "dole" da waɗanda aka ce "yana iya". Tsakanin "dole minista ya yi" da "minista yana iya yi" akwai tazarar da ta kai ta doka da shawara. Sai togaciya, wato duk inda aka ce "sai dai" ko "ban da". Sai hukunci, da wanda aka ba ikon zartar da shi. Sai ranar da dokar za ta fara aiki, da ranar da za ta ƙare idan an sa mata wa'adi. A ƙarshe kuɗi: daga ina za su fito?

Yawancin ƙudirori gyara ne ga tsohuwar doka, kuma za ka ga suna cewa a goge kalma kaza a sashe kaza a maye ta da kaza. Ba za ka gane komai ba sai ka buɗe tsohuwar dokar a gefe ka yi gyaran da hannunka.

Kan kuɗi akwai tarkon da ya kamata ka sani. A Amurka doka na iya ba da izinin kashe wani adadi, amma sai wata dokar daban ta ware kuɗin kafin a ga ko sisi. A ƙasashe da yawa kuma, sanya kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Kada ka rubuta "an ba da" inda ya kamata ka ce "an amince a ware". Idan majalisar na da ofishin ƙiyasin kuɗi mai zaman kansa, irin wanda dokar 1974 ta kafa wa Majalisar Dokokin Amurka, ka yi amfani da alƙalumansa. Idan babu, ka kira masana biyu da ba su da alaƙa da juna, ka kuma bayyana a rahoton cewa ƙiyasinsu ne.

Abu mafi amfani: ka ajiye kowane kwafi da kwanan watansa. Wanda aka gabatar, wanda ya fito daga kwamiti, wanda zaure ya amince da shi, da wanda aka daidaita tsakanin zaurukan biyu. Ka jera su ka kwatanta. Na taɓa samun layi ɗaya da ya ɓace tsakanin kwafin kwamiti da na zaure, kuma layin nan shi ne ya sa wa'adin miƙa rahoto ga majalisa. Babu wanda ya ambace shi a muhawara. Wannan layin ya zama labarin makon.

Mataki na 5: Zauna a kwamiti

Zaman kwamiti iri biyu ne. Akwai na jin ra'ayi, inda ake gayyato shaidu, akwai kuma na bin ƙudiri sashe-sashe ana gyara. Na farko ya fi jan kyamara, na biyu ya fi sauya doka. Ka je da wuri, ka karɓi jerin shaidu da takardun da suka miƙa. Ka tambayi kanka wa ya gayyato su, kuma wa aka bari a waje. Ka rubuta sunan duk wanda ya kawo gyara da yadda aka kaɗa ƙuri'a a kansa. Ka kuma kalli kujerun baya: mutanen da ke miƙa wa hadimai takarda ko suke fita tare da su zuwa baranda, su ne za ka so sanin sunayensu.

Idan an rufe ƙofa, ka tsaya a bakinta. Ka tambayi mutum uku daga ɓangarori daban-daban abin da ya faru, kuma kada ka buga abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa sai ka jingina masa.

Mataki na 6: Ƙirga ƙuri'a, ka tabbatar da magana

Inda aka kira suna ɗaya bayan ɗaya, ka nemi takardar sakamakon daga majalisa, kada ka dogara da ƙirgenka. Inda aka yi ƙuri'ar murya, ba ka da hurumin cewa wane ya goyi baya ko ya ƙi, sai idan ya faɗa da bakinsa. Ka rubuta cewa da murya aka amince, ka kuma faɗi kimanin yawan waɗanda ke zaune idan ka ƙirga da idonka.

Rubutaccen tarihin muhawara, Hansard a Birtaniya da ƙasashen da suka bi tsarinta, Congressional Record a Amurka tun 1873, abin dogaro ne amma da sharaɗi. A Amurka ana barin 'yan majalisa su gyara kalamansu ko su shigar da jawabin da ba su karanta a zaure ba, kuma ana yi wa irin wannan alama ta musamman. Idan za ka ce mutum "ya faɗa a zaure", ka duba bidiyon.

Mataki na 7: Gina majiyoyi

'Yan majalisa na ba ka kalaman da za ka ɗauko, hadimai da akawun kwamitoci na ba ka fahimta. Ka san su tun ba ka buƙatar komai a wurinsu. Kafin a fara magana ku daidaita sharaɗi: da suna, ko a sakaya suna, ko don ka sani kawai. Bayan an gama magana ba a sauya sharaɗi. Idan ka sakaya sunan majiya, editanka ya san ko wane ne, mai karatu kuma ya san dalilin sakayawar da ɓangaren da majiyar take.

Kada ka karɓi komai, ko an kira shi kuɗin mota ko na goro. Majalisa ƙaramin wuri ce, kowa zai ji, kuma daga ranar ka zama ɗan wani. Haka nan kada sabo ya sa ka fara tausaya wa wanda kake gani kullum har ka sassauta masa tambaya. Wannan ya fi cin hanci saurin kama mutumin kirki.

Mataki na 8: Bi sawun masu kamun ƙafa

Kamun ƙafa a majalisa ba laifi ba ne a kan kansa. Ƙungiyoyin ƙwadago, manoma, likitoci da masu kare muhalli duk suna yi, kamar yadda bankuna da kamfanonin mai ke yi. Aikinka shi ne ka nuna wa ke neman me, nawa ya kashe, kuma me ya samu.

Inda akwai rajista, daga nan ake farawa. Dokar Amurka ta 1995, wadda aka ƙarfafa a 2007, ta wajabta wa masu kamun ƙafa miƙa rahoto duk wata uku, su faɗi wanda ya ɗauke su aiki, kuɗin da aka biya, da batutuwa ko lambobin ƙudirorin da suka yi aiki a kai. Ka sa lambar ƙudirinka a ma'ajiyar waɗannan rahotanni ta intanet, za ka ga jerin masu sha'awarsa. Masu yi wa gwamnatocin waje aiki kuma suna rajista a Ma'aikatar Shari'a ƙarƙashin dokar 1938. Amma ka san iyakar kowace rajista. Ta Amurka ba ta faɗin sunan ɗan majalisar da aka gana da shi, kuma wanda kamun ƙafa bai kai kashi 20 cikin 100 na lokacin da yake ba wanda ya ɗauke shi aiki ba yana iya zama bai yi rajista ba. Ta Kanada na nuna sunan jami'in da aka yi magana da shi. Ta Birtaniya, ta dokar 2014, ta shafi 'yan kwangilar kamun ƙafa ne, ba ma'aikatan da kamfani ya ɗauka na kansa ba.

Inda babu rajista sam, ga abin da nake yi. Ina tattara takardun da ƙungiyoyi suka miƙa a zaman jin ra'ayi, in kwatanta kalmominsu da na gyaran da aka shigar. Idan jimla ta fito iri ɗaya a wuri biyu, akwai tambayar da za a yi. Ina duba wa ya ɗauki nauyin taron bita ko tafiyar da kwamiti ya yi. Ina duba rajistar kamfanoni don ganin ko ɗan majalisa ko na kusa da shi na da hannun jari a harkar. Inda akwai dokar 'yancin samun bayanai, ina rubuta takardar neman wasiƙu da jerin baƙi. Ina kuma bin tsofaffin 'yan majalisa da hadimai in ga inda suka koma aiki. A Amurka tsohon sanata sai ya jira shekara 2, ɗan majalisar wakilai shekara 1, kafin ya dawo yana kamun ƙafa wurin tsofaffin abokan aikinsa.

Gargaɗi mai nauyi: ganin gudummawa a hannu ɗaya da ƙuri'a a ɗaya hannun ba hujjar cin hanci ba ce. Ka jera abin da ka tabbatar da kwanan watansa, ka kira duk wanda ka ambata ka ba shi isasshen lokacin amsa, ka bar mai karatu ya auna. Kariyar da ɗan majalisa ke da ita kan abin da ya faɗa a zaure ba lallai ta rufe ka ba idan ka ƙara naka zargin a kai.

Mataki na 9: Kuɗin kamfe da ƙuri'ar jin ra'ayi

A lokacin yaƙin neman zaɓe, taron gangami shi ne abu mafi sauƙin ɗauka, kuma bai cika gaya maka komai ba. Ka nemi rahoton kuɗi da 'yan takara da jam'iyyu ke miƙa wa hukumar zaɓe. A Amurka ana bayyana suna, sana'a da wurin aikin duk wanda gudummawarsa ta haura dala 200, kuma shafin OpenSecrets na tattara alƙaluman ta yadda za a iya bincike. Ka duba abu huɗu: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ya rage a hannu, da bashi. Ɗan takarar da ya tara da yawa amma ya ƙone kusan duka tun kafin zaɓe yana cikin matsala, ko da sanarwarsa na cewa ya kafa tarihi. Ka tuna kuma tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2010 a shari'ar Citizens United, ƙungiyoyin da ke wajen kwamitin kamfen ɗin ɗan takara na iya kashe kuɗi ba iyaka, kuma wasunsu ba sa bayyana masu ba su. Inda rahotanni ba sa fitowa a kan lokaci, rashin fitowar ma labari ne. Kana kuma iya ƙirga allunan talla da lokutan rediyo da talabijin, ka duba ma'ajiyar tallan siyasa ta Facebook da ta Google.

Kafin ka buga sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayi ka san wa ya biya kuɗinta, mutum nawa aka tambaya, yaushe, ta wace hanya, da yadda aka tsara tambayar. Idan mutum 1,000 aka tambaya, kuskuren ƙiyasi na kai wa kimanin maki 3 sama ko ƙasa, don haka mai 48 da mai 46 ba a ce ɗaya ya sha gaban ɗaya ba.

Sannan ka ɗauko alkawuran ɗan takarar da ke neman komawa kujerarsa ka aza su kusa da yadda ya kaɗa ƙuri'a a zangon da ya wuce. Teburin da ka riƙa cikawa tun mataki na uku a nan zai biya ka.

Mataki na 10: Rubutawa da bibiya

Sakin layi na farko ya faɗi abin da ya faru da wanda zai shafa. Na biyu ya faɗi matakin da ƙudirin yake da abin da ya rage masa. Lambar ƙudiri, sakamakon ƙuri'a, da ranar zama na gaba duk su shiga. Kalmomin majalisa ka warware su da harshen da kowa ke ji. Kafin ka tura, ka sake duba suna, jam'iyya, mazaɓa da kowane adadi da takardar asali a gabanka. Idan kuskure ya fita, ka gyara a fili a ƙasan rahoton, ka faɗi abin da aka gyara.

Bayan an rattaba hannu, kada ka rufe shafin ƙudirin. Ka rubuta ranar da zai fara aiki, hukumar da za ta fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, da duk wani wa'adin da dokar ta sa. Masu kamun ƙafan da suka sha kaye a majalisa wurin wannan hukumar suke komawa. Ka sa wa kanka tunatarwa a waya bayan wata uku, wata shida da shekara guda, ka kira hukumar ka tambaya ko an fitar da ƙa'idojin, ko an saki kuɗin, da ko an miƙa wa majalisa rahoton da dokar ta ce a miƙa.